Tarin da Babu Dutse a Kansa

Jirgin tube, na ƙarƙashin ƙasar London, yana fitowa daga rami zai tsaya a Stratford, wayata ta kama, kira ya shigo. Hajiya ce, matar Kawu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, ina riƙe da fulas ɗin kunun gyaɗa da na dama masa, a nan zan canja jirgi zuwa asibiti.

Ta ce, "Kina ina?"

Na ce Stratford.

Ta ce, "To kada ki ƙaraso. Kawunki ya cika. Ki wuce gidanmu, makulli yana wurinki. Ki gyara falo, mutane za su fara zuwa."

Na ce to. Ko salati ban yi ba a lokacin, sai da na sauka na tsaya a dandamali jirgi biyu suka wuce. Na tuna ina ta kallon fulas ɗin ina tunanin wa zai sha.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga Jos, a flat ɗinsa na zauna har na yi aure. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don in faɗi abin da na yi da hannuna a ranar, tunda har yanzu ban san yadda zan gyara ba.

Falon ba shi da girma, rabinsa kuma teburin cin abinci ya cinye, teburin da ban taɓa ganin an ci abinci a kansa ba. Takardun Kawu ne a kai, tari-tari, kowane tari ya danne shi da dutse. Wasu duwatsun ja ne kamar jar ƙasar gini, wasu baƙi-baƙi, wasu suna marmashi in an taɓa. Ba mai taɓa teburin nan. Hajiya in tana shara zagaye shi take yi. Amma ranar na shiga na duba, na ga ba inda za a shimfiɗa tabarma. Na ɗauko bokiti na ajiye kusa da teburin. Na ɗauko babbar jakar Ghana-mas-go na riƙa bin takardun tari bayan tari, in jefa dutsen a bokiti in jera tarin a jaka, na zuge, na tura ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi, bokitin kuma na kai baranda. Maƙwabci ya taya ni muka jingine teburin da bango. Duka bai kai minti goma sha biyar ba.

Kwana uku kafin nan, a gadon asibiti, Kawu ya gaya mini abin da zan yi da ɗaya daga cikin tarin nan. Ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba.

Kafin la'asar gida ya cika. Takalma sun kai har bakin lif. Mata a falo da ɗakin Hajiya, maza a flat ɗin maƙwabci da ya ba mu aro. Ana shigowa ana "ya haƙuri", muna amsawa. Ni ina tsakanin kicin da ƙofa da tiren shayi, ina jin abin da ake faɗa a kansa, sai na ga kamar mutum biyar aka rasa.

Wata Hajiya da mijinta likita ne ta ce, "Allah sarki, shekara nawa yana aikin banki bai taɓa cin na kowa ba."

Ta kusa da ita ta ce, "Banki kuma? Ai dillalin zinariya ne."

"Zinariya, yake zaune a flat ɗin council, gidan gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi?"

"To ni dai haka na ji."

Wata tsohuwa ta ce ita malamin jami'a ta san shi. Wata ta ce shi ne mutumin da ya cika mata fom ɗin benefit, na neman tallafin gwamnati, sau uku bai karɓi ko godiya ba, abin da ta sani ke nan. Ɗansa, wanda aka haifa a nan, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa. Da aka tambaye shi sai ya ce, "Metals. Dad was in metals." Ya sunkuyar da kai. Hajiya kuwa tana jan carbi, ba ta gyara wa kowa ba. Daga baya ta ce mini, "Me zan ce musu? Ni ma da aka kawo ni ce mini aka yi injiniya ne. Ban taɓa ganinsa da inji ba."

Wanda ya fi kowa kuka shi ne Baba na Zongo, aminin Kawu, mutumin Kumasi, tsohon direban tasi. Ya tsaya a ƙofar falo bai shigo ba saboda mata, ya kira ni. Hausarsu ta Zongo ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinsa.

Ya ce, "Yarinya na, ka yi haƙuri. Kawu naka ya tafi bai gama faɗa da ni ba." Ya leƙa falon. "Ina tebur? Ina dutse duka?"

Na ce na kwashe don mutane su sami wurin zama.

Ya dube ni jim kaɗan. Ya ce, "Ka kyauta." Ya juya yana share ido da hularsa.

Abin da na sani game da aikin Kawu kaɗan ne, kuma a hankali na tsince shi. A wani kamfanin gwaji ya yi aiki har ya yi ritaya. In jirgin ruwa ya ɗauko ƙasar ma'adini daga wata ƙasa zai kai wata, mai sayarwa yakan ce ƙarfe ya yi yawa a ciki, mai saye yakan ce kaɗan ne. Sai a ɗebo samfur a kawo wa su Kawu su gwada su rubuta takarda. Abin da takardar ta ce, shi kowa zai bi. Ƙarfen da ya fi sani shi ne nikel. Ranar farko da na ji sunan na tambaye shi mene ne. Ya ɗauki cokalin da nake shan shayi da shi ya ce, "Kin taɓa ganin wannan ya yi tsatsa? To shi ne a ciki. Yana cikin tukunyarki, yana cikin batirin motocin nan masu lantarki. Kullum yana hannunki ba ki san shi ba, kamar dangin nesa."

Ni ban yi nisa a karatu ba. Aikina kula da tsofaffi ne a gidan kula da su. Kawu bai taɓa raina wannan ba, da shi ma yake yi mini bayani. Wata rana na dawo na zube a kujera ina mita, na ce tsofaffi huɗu kawai muka yi wa wanka duk safiya, manaja tana ta faɗa wai mun cika nawa.

Ya ce, "Jiya nawa kuka yi wa?"

Na ce takwas.

"Hannuwanki na jiya ne kika je da su yau?"

Na ce Kawu wace irin tambaya ce wannan.

"Amsa mini, Uwata."

Na ce su ne. Na ce hoist ne ya lalace, injin da muke ɗaga tsofaffi da shi, kuma mai gyara ba zai zo ba sai wani a babban ofis ya sa hannu, shi kuma yana hutu.

Ya buga teburin har duwatsun suka yi tsalle. Ya ce, "Kin gama karatuna na shekara talatin!" Ya ce ya ga mahaƙa biyu a ƙasashe biyu, ƙasar iri ɗaya, injinan iri ɗaya, ma'aikatan ma in ka haɗa su ba ka rabewa. Ɗaya tana cika jirgi bayan jirgi. Ɗaya motocinta suna tsaye ciyawa tana fitowa a ƙarƙashinsu, don lasisi yana kan teburin wani, wuta tana zuwa tana tafiya, dokar bana ba ita ce ta bara ba. Ya ce sai a zo a rubuta wai mutanen can malalata ne. Maganar da yake yawan yi ke nan: dutsen ɗaya ne, ofis ne ya bambanta. Har Hajiya ta haddace, in tuwo ya yi ruwa sai ta ce masa, "Garin ɗaya ne, Malam, ofis ne ya bambanta."

Kakanmu, mahaifinsa, haƙar kuza ya yi a Jos. Kawu ya ce yana yaro yakan tsaya ya ga jirgin ƙasa yana tafiya da abin da mahaifinsa ya haƙo, bai taɓa ganin abin da aka yi da shi ba sai gwangwanin madara. Abin da aka bar musu kududdufai ne masu zurfi, ɗaya daga cikinsu ya cinye ƙaninsa. Sau ɗaya tak ya ba ni wannan labarin, yana yanke farce, bai ɗago kai ba.

Ina jin daga nan damuwarsa ta samo asali. Tambaya ɗaya ce ya yi ta juyawa har ya mutu: in ƙasa tana da ma'adini, ta bari a kwashe shi ɗanye a kai waje, ko ta hana, ta ce dole a narka shi a gida? Aiki ya kai shi Indonusiya sau da yawa. Ya ce a farko jirage yake gani suna lodin jar ƙasa kamar masu kwasar shara. Da gwamnatinsu ta hana fitar da ɗanye, ya koma ya tarar da manyan tanderun narka ƙarfe a inda da kurmi ne, matasa dubbai suna shiga aiki da hular kwano. Ya dawo yana ta murna, ya ce da an yi haka a Jos da mahaifinsa bai mutu a ɗaki ɗaya ba. Zuwansa na gaba ya dawo shiru. Ya ce hayaƙin kwal ya rufe garin, masu tanderun baƙi ne, ƙaramin mai haƙa kuma ba shi da wanda zai sayar wa sai su, farashin da suka ga dama. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Hajiya ta ce, "Wannan mutum, in ya je ya dawo da murna ina tsoro, in ya dawo da baƙin ciki ina tsoro."

A kan wannan suke faɗa da Baba na Zongo duk Juma'a. Baba ne yake ɗauko shi daga masallacin Regent's Park, in ba ni da shift ina bayan mota.

Baba, wanda Massa yake ce wa Kawu, zai ce, "A hana su, Massa! Zinariya namu a Ghana, sun kwashe duka. Mata na ya so zobe, a London na saya."

Kawu zai ce, "Ka hana, sai ka narka da me? Da murhun matarka?"

"A gina tanderu."

"Da wace wuta? Ku da fanka ma sai kun roƙe ta."

"Ku fa? Ku fa Najeriya? Janareta republic!"

Wata Juma'a faɗan ya yi zafi har Baba ya tsaya a gefen hanya wajen Marylebone ya ce Kawu ya sauka. Kawu ya sauka da dardumarsa a hammata, ni ma na bi shi, muka hau bas. Duk azumin shekarar ba su yi magana ba, sai dai kullum da yamma ana buga ƙofa a ajiye kwanon wake da shinkafa daga gidan Baba, kullum Kawu yana cinyewa. Ranar Salla a masallaci Baba ya zo ya ce, "Na yi tunani, Massa. Gaskiya naka ne. Hanawa ba wuta, banza ne." Kawu ya dube shi ya ce, "Wa ya gaya maka? Ai in ba a hana ba, ba wanda zai taɓa kawo wutar." Baba ya ɗaga hannu sama ya ce, "Jama'a ku shaida! Rana da na yarda da shi, shi ne ya juya!"

A lokacin dariya nake yi. Na ɗauka tsokana ce irin ta tsofaffi.

Bayan ya yi ritaya labari ya bazu cewa akwai nikel a gida. Akwai wani da Kawu ya koya wa aiki a ɗakin gwaji shekarun baya, ya koma Najeriya ya zama babba, mu dai ɗalibin Kawu muke ce masa. Aka sa shi a wani kwamiti da zai ba gwamnati shawara kan dokar ma'adinai. Ya kira Kawu ya ce, "Malam, rubuta mini abin da kake gani. Shafi kaɗan. Muryarka ce zan shiga da ita ɗakin." Tun daga ranar Kawu bai ƙara zama a kujerar falo ba. A bakin tebur yake wuni, da alƙalami, don ba ya rubutu da kwamfuta. Ba ya sa kwanan wata a takarda, wai wannan sai wanda ya gama. Tsarinsa duka a duwatsun yake. Shi kaɗai ya san wane dutse ke nufin an gama, wane ke nufin a sake, wane ke nufin a yar. In ka tambaye shi sai ya ce, "Suna gaya mini."

Da ciwon ya kwantar da shi aka kai shi asibiti, hannuwansa duka biyu filasta ce da robar ƙarin ruwa, ba halin alwala. Hajiya ta ce za ta kawo masa dutsen taimama. A garin nan ba a tsintar dutse a hanya, sai ta duba teburin ta ɗauki wanda ya fi santsi, wani kore mai laushi kamar sabulu. Ina wurin ta fito da shi daga jaka. Kawu ya yunƙura zai tashi zaune.

Ya ce, "Daga kan wace takarda kika ɗauko wannan?"

Ta ce, "Daga kan takarda dai. Duk ba takardu ba ne?"

"Shekara arba'in, Hajiya! Shekara arba'in ba ki taɓa teburin nan ba, sai yau?"

"To salla ce ta sa. Ka kai ƙarata."

Sai ya fara dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari wani malami daga cikin abokansa ya zo dubiya, ya ga dutsen a kan akwatin gefen gado, ya juya shi ya ce wane irin dutse ne wannan. Kawu ya ce nikel ne a ciki. Malam ya ɗan ɓata fuska. Ya ce a abin da ya karanta, ma'adini in yana wurinsa ƙasa ne, amma in an ciro shi ya zama dukiya a hannun mutane akwai magana a kan taimama da shi.

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba a taɓa sayensa ba, ba a taɓa sayar da shi ba. Samfur ne. Da na shigo da shi, a takardar kwastan an rubuta ba shi da wata daraja ta ciniki, an buga hatimi."

Malam ya ce, "Kwastan ne suka ce?"

"Na Ingila ma kuwa."

Malam ya mayar masa da dutsen ya ce, "To in kwastan sun duba abu sun ce ba kuɗi a ciki, lallai ƙasa ce. Yi taimamarka."

Da wannan dutsen ya yi sallolinsa na ƙarshe. Ina ganin yadda yake ɗora tafukansa a kai a hankali, kamar mai gaisawa da wanda ya daɗe da sani.

Ranar Asabar, kwana uku kafin rasuwarsa, Hajiya ta fita neman ruwan zafi, muka rage mu biyu. Ya ce, "Uwata, matso." Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Na gama takardar yaron nan. Tana kan tebur. Ba za ki sha wahalar ganewa ba, ita ce tarin da babu dutse a kansa, tunda dutsenta ga shi nan Hajiya ta kawo mini. Ki aika masa ita kaɗai. Sauran kada kowa ya gani."

Na ce to Kawu, amma ai kai za ka aika da kanka.

Ya ce, "Ji ni da kyau. Ita kaɗai. In suka ga biyu, kowa zai ɗauki wadda ta dace da aljihunsa ya ce ni na faɗa."

Na ce to. Ina duba agogo, don shift ɗina na ƙarfe biyu ne.

Ranar addu'ar uku, an watse, ina wanke kofuna, wayar Hajiya ta yi ƙara ta miƙo mini. Ɗalibin Kawu ne daga Abuja. Ya yi gaisuwa, ya yi kuka, sannan ya ce a yafe masa kawo wannan magana a irin wannan lokaci, amma Malam ya gaya masa ya bar saƙo a hannun Uwarsa, kuma kwamiti zai zauna ba da daɗewa ba. Kofin da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba. Na ce masa to, zan duba.

Na shiga ɗakin baƙi na jawo jakar. Na zazzage a hankali yadda na jera. Yawancinsu guntayen rubutu ne, lissafi, zane, shafukan da aka soke. Biyu ne kawai cikakku, masu sunan ɗalibin a sama da sa hannun Kawu a ƙasa. Ɗaya ita ce a can ƙasan jaka, ɗaya ita ce a sama.

Na tuna sarai akwai tarin da ban ɗaga dutse daga kansa ba. Hannuna ya tuna. Abin da na kasa tunawa shi ne, da shi na fara don ya fi sauƙin ɗauka, ko shi na bari ƙarshe? Wani lokaci in na rufe ido sai in ga na fara da shi. Wani lokaci in ga teburin ya zama wayam sai shi kaɗai ya rage a gefen taga.

Da Turanci ya rubuta, Turancin ofis, na yi kwana biyu ina bi da yatsa. Ta saman jaka ta ce a hana fitar da ɗanyen dutse tun daga ranar farko. Ta ce in aka bari jirgi na farko ya tashi ba za a iya tsayar da na biyu ba, don masu cin moriyarsa za su riga kowa zama a kujerun da ake yanke hukunci. A ciki ya ambaci kududdufan Jos. Ta ƙasan jaka ta ce kada a hana tukuna. A fara da wuta, da ofishin gwaji wanda kowa ya yarda da takardarsa, da lasisin da ba ya canjawa in an canja minista. Ta ce in aka hana kafin nan, dutsen zai fita ta daji a bayan babura, ba haraji, ba suna, kuma talakan da ya haƙo shi ne zai kwana a hannun 'yan sanda. A cikin wannan ma ya ambaci kududdufan Jos.

Duk wadda na karanta sai in ji muryarsa, in ce ita ce.

Na kai wa Hajiya na faɗa mata abin da na yi. Na ɗauka za ta yi faɗa. Ta ce, "Ni na ce ki gyara falo. Ni kuma na ɗauke dutsen." Na ce ko ta tuna daga wane gefen tebur ta ɗauka. Ta yi tunani ta ce, "Mijina yana kwance, kina zaton tebur nake kallo?"

Ɗansa ya ce a yi scanning duka biyun a tura, su can su zaɓa, ba aikinmu ba ne. Na gaya masa abin da mahaifinsa ya ce game da aljihu. Ya ɗaga kafaɗa, sannan ya ce da Hausarsa mai tsami, "To ke ya ba, ba ni ba." Ban san ko zafi ne a maganar ko sauƙi ba.

Baba na Zongo ya zo da kansa, ya zauna ya sa tabarau ya karanta duka biyun, yana gyaɗa kai a nan yana tsaki a can. Da ya gama na ce, "Baba, kai ka fi kowa saninsa. Wacce ce?"

Ya ce, "Juma'a na ƙarshe da na ɗauke shi, ya ce a hana."

Na ɗauki ta saman jaka. Na ce to shi ke nan.

Ya ce, "Tsaya. Ni ne na ce kar a hana, shi ya sa." Ya cire tabarau. "Yarinya na, ni ban sani ba ko mutumin nan yana da ra'ayi, ko ni ne yake ƙi." Ya dubi jakar da ke ƙasa. "Kuma duk jaka na duniya, Ghana-mas-go ka sa shi a ciki. Da yana nan, da ya yi mini dariya sati guda."

Muka yi dariya.

Asibiti sun ba mu kayansa a leda: carbi, tabarau, silifas, da koren dutsen. Hajiya ta ce in riƙe. Ina juya shi a hannu sai na ga ya bar mini ɗan kore-kore a yatsa, kamar alli. Nan take na tashi. Na ce ai dutsen da ya daɗe a kan takarda zai bar alama. Na ɗauko ta saman jaka na kai bakin taga. Ga shi nan a tsakiyar shafin farko, tabo kore, da ɗan lotsawa daidai girman dutsen. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har Hajiya ta leƙo. Sai na ce bari in duba ɗayar don in tabbata.

Ita ma akwai. Tabo iri ɗaya, wuri ɗaya, lotsawa iri ɗaya. Na ɗora dutsen a kan wannan ya zauna daram, na ɗora a kan waccan ya zauna daram.

Ashe ya daɗe yana ɗauke shi daga nan ya mai da can. Ban sani ba ko sau biyu ne ko sau ɗari. Ban sani ba ko ranar da Hajiya ta ɗauka, dutsen yana inda Kawu ya yanke shawara ne, ko inda ya kwana kawai kafin a sake matsar da shi. Amma ya ce mini ya gama. Da bakinsa ya faɗa, kuma Kawu bai taɓa cewa abu ya kammalu ba alhali bai kammalu ba. Aikinsa ke nan duk rayuwarsa, ya sa hannu a takarda mutane biyu da ba su yarda da juna ba su yarda da ita. Ina tsoron in aika wadda ya ƙi, a shiga da ita ɗaki a ce Malam ne ya faɗa, wata rana wani ya rasa gonarsa ko aikinsa da sunan Kawu. Ina kuma tsoron in ƙi aikawa, a yanke ba muryarsa, bayan shekarun da ya yi a bakin teburin nan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ya riƙe ni kamar uwar da yake kirana, abu ɗaya ya roƙe ni.

An yi arba'in makon jiya. Mun mayar da teburin wurinsa, na kwaso duwatsun daga baranda na wanke bokitin, amma ban san inda kowanne yake zama ba, sai na jera su a gefe. Ɗalibin ya sake kira ranar Juma'a, ya ce saura kwana kaɗan. Na ce masa ina nan ina dubawa. Takardun biyu suna kan tebur, koren dutsen yana tsakaninsu, ban ɗora shi a kan ko ɗaya ba, kuma ban aika ba.